Da Huɗu Kawu Ya Haye Gada

Ina shekara tara na fara jin sunan, ranar da muke tashi daga gidan bene zuwa wanda muke ciki yanzu. Babanmu ya ce ba sai an kira kowa ba, ya samo ƙarti huɗu a bakin titi, kowanne wuyansa kamar turmi. Suka sungumi kabad ɗin Umma mai madubi, suka yo ƙasa da shi a guje, ya maƙale a kwanar matakala. Ba gaba, ba baya. Na ƙasa yana ihun kafaɗarsa za ta cire, na sama yana zagin wanda ya gina gidan. Umma ta riƙe ƙugu ta ce, "Da Sai-An-Auna aka kira, da tuni ina shimfiɗa gado."

Na ce, "Umma, wane ne Sai-An-Auna?"

"Yayana mana. Ke dai Kawu kawai kika sani."

Bayan awa guda ya iso, ɗan gajeren mutum da tef ɗin awo a aljihu da fensir a bayan kunne. Wani siririn mutum na biye da shi, ya saɓo barguna a kafaɗa. Kawu bai taɓa kabad ɗin ba. Ya auna faɗin matakala, ya auna tsawon rufi a kwanar, ya ce a mayar da shi sama. Ya kwance ƙofofin. Siririn nan, wanda ake kira Baba Bargo, ya naɗe madubin kamar yana goya jariri, ya ɗaure da igiya. Mutum biyu kacal suka sauko da kabad ɗin, ko fenti bai goge ba. Har yau Babanmu ba ya son a tayar da wannan zance.

A gidanmu ni ce mai riƙe da littafin dangi. Wa ya haifi wa, wa ya rasu a wace shekara, duk ni ake tambaya. Shi ya sa nake rubuta wannan. Shekara biyu ke nan da rasuwar Kawu, Allah ya jiƙansa, kuma duk inda dangi suka taru sai wani ya ce, "Ai Sai-An-Auna da mutum biyar ɗinsa cif ya haye gada." Ba haka aka yi ba. Ina wurin, kuma abin dannawar a hannuna yake.

Shekara talatin da ɗaya Kawu ya yi yana kwashe wa mutane kaya in za su sauya gida. Motarsa mutum biyar take ɗauka ban da kaya: direba, masu ɗauka biyu, shi mai awo, sai Baba Bargo mai naɗi. An sha ba shi shawara ya cika motar da majiya ƙarfi don aiki ya yi sauri. Amsarsa ɗaya ce: "Ƙarti biyar ba ma'aikata biyar ba ne. Ƙato ɗaya ne sau biyar."

Firij ne ya ajiye shi. Ya zame a matakala, Kawu ya tare shi da bayansa don kar ya danne na ƙasa. Wata huɗu ya yi kwance. A gaban ma'aikata duka ya miƙa wa babban ɗansa makullin mota, ya ce daga yau shi ne mai aikin, kuma ba zai sa masa baki ba. Ɗan nasa, wanda nake kira Yaya, shi kuma Kawu yake kira Ɗan Gaggawa, ya ga alkawarin ba zai ɗore ba, don kullum sai Kawu ya buga wa direba waya yana tambayar ko an auna ƙofa. Sai ya ɗauko tsohuwar na'urar gem ɗinsa ya haɗa masa da talabijin a falo, wai ko ya samu abin da zai ɗauke masa hankali.

Wasan na yaƙi ne, amma ba irin na guje-guje ba. An raba ƙasa gida-gida kamar tayil ɗin ɗaki. Kana da mayaƙa da yawa, amma biyar kaɗai za ka fita da su kowane yaƙi. Ka motsa naka ɗaya bayan ɗaya, abokan gaba su motsa nasu, sannan ya sake zagayowa kanka. Ba agogo, ko kwana za ka yi kana tunani ba mai kora ka. Wanda ya faɗi a cikin naka ya tafi ke nan, sai dai in ka koma inda ka adana wasan ka sake daga can, kuma kowa haka yake yi.

Kawu ya kalli layukan nan na ƙasa ya ce, "A'a, ashe an riga an auna." Shi ke nan, ya kamu.

Biyar ɗinsa ba su sauya ba tun farko: mai garkuwa, mai takobi, wata maharbiya, wani mahayi mai mashi, sai wata tsohuwa mai magani. Mahayin nan shi ne gwanin wasan, gida bakwai yake tafiya a motsi ɗaya, kuma in ya soki mutum ba a sake waiwayarsa. Shi ma Kawu Ɗan Gaggawa ya sa masa suna. Tsohuwa kuwa gida uku take iya takawa, ba ta dukan kowa, bugu biyu ya ishe ta. Aikinta kawai ta tsaya kusa da wanda ya ji rauni ta mayar masa da ƙarfinsa.

A kan tsohuwar nan aka yi shekara ana faɗa. Yaya yana cikin wani zauren 'yan wasan a waya, mutane ɗaruruwa, sun jera mayaƙan daga na ɗaya har na ƙarshe, kuma ita ce a gindi. Hujjarsu: akwai kwalaben magani da kowane mayaƙi zai iya ɗauka ya sha da kansa, to me za a yi da wadda take cin gurbi ba ta kai duka? Ka zuba masu kai hari biyar, ka gama da abokin gaba kafin ya taɓa ka.

Lokacin na gama sakandare ina jiran sakamako, Umma ta tura ni in zauna da Kawu, don hannunsa ya fara rawa, ko kofin shayi sai da biyu yake riƙewa. Sai na zama ni ce mai danna masa. Sakatariya yake kira na. Ya ce Yaya ya sa shi a zauren nan, ni kuma in riƙa rubuta abin da ya faɗa.

"Sakatariya, rubuta. Ki ce musu wanda ya tsaya shan magani bai yi duka ba a wannan zagayen. In biyar suna sha, wa ke yaƙin?"

Na rubuta. Wani ya amsa, "Baba, ka koma karta." Wani ya ce tsoho ne yake kare tsohuwa, a bar su su ƙarasa tare. Na so in ɓoye masa, ya ce in karanta duka. Ya yi dariya har sai da bayansa ya amsa, ya ce, "Rubuta. Ki ce wanda ya yi maganar karta ya gaya mana sau nawa ya koma baya a yaƙin jiya. In ya ji kunya ya faɗi rabi."

Don shi Kawu ba ya komawa baya. Doka biyu ya kafa mini tun ranar farko. Ta ɗaya, ni hannu ce shi kai, kar in taɓa komai sai an auna. Ta biyu, abin da ya faru ya faru. "Madubin mutane in ya fashe a matakala, akwai inda ake dannawa ya dawo? To ban san wannan wasan ba." Saboda haka yaƙin da Yaya ke gamawa a minti goma, mu sai mu yini a kansa. Zai sa in ƙirga gidajen da kowane abokin gaba zai iya takowa, in ƙirga na bayansa, in sake. Ba zan ɓoye ba, a zuciyata ina ganin 'yan zauren suna da gaskiya. Tsohuwar tana ja mana lokaci, kuma yatsuna sukan yi ƙaiƙayi.

Ana nan sai maganar Baba Bargo ta taso. Ya kusa saba'in, ko kujera ba ya iya ɗagawa, kuma akwai wani ƙato da ke neman gurbinsa a mota. Yaya ya zo falo ya faɗa a tsaye, kamar mai son ya gama ya fita.

"Baba, yanzu akwai leda mai kumfa, kowa zai iya naɗe madubi. Ba korarsa zan yi da wulaƙanci ba. Amma motar biyar take ɗauka."

"Wa ke gaya wa matar gida ta kwashe hotunanta kafin a taɓa bango? Wa ke tuna wace ƙusa ta wane gado ce? Ledar?"

"Ka ce ba za ka sa baki ba."

Gaskiya ne, kuma a gaban mutane Kawu ya faɗa. Yaya ya dubi talabijin, inda tsohuwa ke tsaye da sandarta a tsakiyar fili, ya ce, "Yadda kake jan wannan haka kake so in ja Baba Bargo. Ba ka kai yaƙin gada ba ne. Duk zauren ba wanda ya taɓa hayewa da ita."

"In na haye fa?"

"Ba tare da komawa baya ba?"

"Yaushe ka taɓa ganin na koma?"

"To in ka haye da ita a cikin biyar ɗinka, Baba Bargo ya zauna a motar har ranar da zai ce da bakinsa ya gaji. In ka kasa, ƙarshen wata ya huta, kuma kar in sake jin zancen."

"Sakatariya, kin ji. Ke ce shaida."

Magana ba ta kwana ba ta kai kunnen Baba Bargo. Ya shigo da hularsa a karkace ya ce, "Sai-An-Auna, ni ka mayar tsohuwa? Shekara talatin ina rufa maka asiri da bargo, sakayyar ke nan? Ba ka samu wani sadauki ka kamanta ni da shi ba?"

"Sadauki ya taɓa naɗe madubi? Zauna ka gan ta, har tafiyarku ɗaya."

"Ba zan gani ba. In abincina ya koma hannun 'yar tsana, Allah ya kyauta."

Ranar hutun ma'aikata aka yi yaƙin gadar, da rana tsaka. Yaya ya zauna a hannun kujera, masu ɗauka biyu suka baje a ƙasa, direba ya leƙo ta taga. Baba Bargo ya zo, amma ya ƙi shigowa. Ya zauna a tsakar gida yana ninke bargunan da tun jiya a ninke suke.

Gadar doguwa ce, faɗinta gida biyu kacal. Akwai abokan gaba a wancan gefen, kuma bayan zagaye goma wasu mahaya sukan ɓullo ta baya, gaba kura baya sayaki. Da zarar mutum uku naka sun taka wancan gefen, wasan ya ba ka nasara. Shi ya sa kowa ke ɗaukar masu sauri ya ruga kafin na baya su iso.

Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Wannan ai matakala ce aka kwantar. Mutum uku ba sa shiga ƙofa tare, ko su dubu ne biyu-biyu za su zo." Ya sa mahayi da mai takobi a gaba, maharbiya a bayansu, tsohuwa a tsakiya. Mai garkuwa ya bar shi a can baya, a bakin gadar inda wata karyayyar amalanke ta toshe gida ɗaya, shi ya toshe ɗayan. Muka fara tafiya, ba mai wuce takun tsohuwa.

"Maigida, a haka sai gobe," in ji ɗaya daga masu ɗauka.

"Kana da inda za ka ne?"

Na baya suka iso, suka tarar da garkuwa. Su buga, tsohuwa ta gyara shi, su buga, ta gyara. Maƙiyan da ke gabanmu kuwa suna faɗuwa biyu-biyu. Awa guda da rabi, ba wanda ya sha kwalba ko ɗaya. Yaya ya daina raha, ya sauko daga hannun kujera ya zauna sosai. Mutum ukunmu na gaba saura motsi biyu su taka ƙasa.

A nan ne na yi abin da na yi. Shugaban mahayan baya ya matso, saura masa ɗan ƙiris na rai, gida biyu tsakaninsa da mai garkuwa. Masu ɗauka suka miƙe suna cewa, "Ga shi nan! A gama da shi!" Kawu ya sunkuyar da kai yana ƙirga da yatsa a gwiwarsa. Ni kuwa na ga abu a fili, bugu ɗaya. Ban jira ba. Na fitar da mai garkuwa daga gurbinsa, ya sauke wa mutumin bugu, mutumin ya faɗi. Falo ya ɗauki ihu.

Kawu ya ɗago. Bai dube ni ba, talabijin ya duba. Gurbin da aka toshe tun farko ga shi a buɗe, mahaya uku suna kallonsa, kuma ba kowa tsakaninsu da tsohuwa. Mai garkuwa ya riga ya yi motsinsa, yana waje shi kaɗai, da rauni.

Na ce, "Kawu, mu koma. Ni na yi, ba kai ba. Yaya, ai ka ga ni na yi."

Yaya ya ce, "Na gani. A koma, ba zan ƙirga ba."

Kawu ya ce, "Ba a komawa."

"To ka haye mana, Baba. Ukun nan saura motsi biyu. Cewa na yi ka haye da ita a cikin biyar ɗinka, kuma a ciki take. Ko ta faɗi na yarda, ka ci."

Na ɗauka magana ta ƙare. Ga nasara an miƙo masa, Baba Bargo ya tsira. Sai Kawu ya gyara zama, abin da ke yi masa wuya, ya ce, "A haka za ka riƙe Baba Bargo ke nan. Yana cikin mota da suna, ranar da aka matse a bar shi a matakala. Ba irin wannan cin nake so ba."

"In suka karya ka gaba ɗaya fa? Ka san abin da ka sa a kai."

"Na sani. Sakatariya, share idonki, ba na aiki da hannu mai rawa, nawa ya isa. Ƙirga mini daga Ɗan Gaggawa zuwa gurbin nan."

Na ƙirga. Bakwai cif.

"Mayar da shi."

Direba ya ce daga taga, "Maigida, uku ne fa za su hau kansa." Kawu ya ce ya iya ƙirga. Na juya mahayin, ya bar ƙasar da yake gab da takawa, ya ratsa ta gefen tsohuwa ya tsaya a gurbin. Tsohuwa tana da motsi ɗaya, kuma Kawu ya sa ta gyara mai garkuwa, don shi ne zai riƙe ƙofar bayan haka. Abokan gaba suka zo. Na farko ya buga, mahayinmu ya rama ya kayar da shi. Na biyu ya buga. Na uku ya ƙarasa shi. Dokin ya tsaya ba kowa a kai, sannan ya ɓace.

Yaya ya ce a hankali, "Ni ka kashe ke nan."

"Kai kaɗai ke da ƙafar da za ta kai. In ba don irin wannan ranar ba, me za a yi da ƙarfin?"

Mai garkuwa ya koma gurbinsa. Abin da ya biyo baya ba shi da daɗin ba da labari. Awa biyu muka ƙara, muna matsawa wajen wancan gefen gida ɗaya, mu tsaya, mu ƙirga. Kawu ya hana na ukun taka ƙasa sai kowa ya iso. Sau biyu mai takobi ya kusa tafiya, tsohuwa ta dawo da shi. Ban sake taɓa komai ba sai na ji "danna". Da la'asar maharbiya ta taka, mai takobi ya taka, mai garkuwa ya tsaya a gefe, Kawu ya ce, "A ba ta hanya." Tsohuwa ta yi takunta uku ta zama ta ukun.

Yaya ya tashi ya fita tsakar gida. Na bi shi zuwa bakin ƙofa. Ya tsaya a kan Baba Bargo ya ce, "Baba, gobe ƙarfe bakwai."

Baba Bargo bai ɗago ba. Ya ce, "Da can da ƙarfe nawa nake zuwa?"

Har yanzu yana cikin motar. Ba ya ɗaga komai, kuma ba wanda ke taɓa madubi sai ya zo.

Labarin ya shiga zauren, aka yi ta musu. Wasu suka ce sa'a ce, wasu suka ce wauta ce a ba da gwanin wasa don a ceci ta ƙarshe a jeri, kuma ba su ɗaga ta ko mataki ɗaya ba. Kawu bai damu ba. Ya ci gaba da wasan ba mahayi, kuma ya sha wuya ƙwarai, don yaƙoƙin gaba duk an tsara su ne da tunanin kana da shi. Bai kai ƙarshe ba ya kwanta ciwon ajali.

Dangi kuwa tun yana raye suka fara gyara labarin. Gwaggonmu ce ta fara cewa biyar, don ta fi daɗin faɗa, kuma ina jin don ta rufa mini asiri. Na ji daɗin haka, ba zan yi ƙarya ba. Wata rana da safe ina ba shi shayi, na riƙe masa kofin, sai ya ga littafin dangi a kan cinyata.

Ya ce, "Sakatariya, na ji ana ƙara mini mutum."

Na ce, "Yabo ne, Kawu."

"Ba na so. Biyar kowa zai ce sa'a ce, ya wuce. Huɗu kuwa sai an tambaya ina ɗayan, kuma amsar ita ce labarin. In za ki rubuta ni, ki ce da huɗu na haye. Ki faɗi wanda ya koma, ki faɗi abin da ya mayar da shi. Hannunki ma ki sa shi a ciki, kar ki ji kunya, ai ya ƙirga bakwai daidai. Ki auna ni yadda nake, kar ki ƙara mini ko inci ɗaya."